Mayafin Hoto

"Kafinta," in ji Mami, tana juya cokali a kofin shayinta. "Sake faɗa in ji da kyau, Auta. Duk mazan garin nan ki rasa wanda za ki kawo mini sai kafinta."

Auta na durƙushe a kan kafet, kanta a ƙasa. Yau kwana tara ke nan ana wannan zama kowace safiya a ɗakin mahaifiyarta, kwana tara tana fitowa da idanu jajur.

"Mami, sana'a ce fa. Shagon nasa ne, ba na wani ba. Kuma ke da bakinki kika yabi aikinsa."

"Benci na yaba," Mami ta ce. "Ban ce zan haɗa jini da wanda ya buga shi ba."

Gwaggo, yayar marigayi mahaifin Auta, ta ƙyalƙyale da dariya daga bakin gado har ɗankwalinta na zamewa.

"Ki bar ta ta aure shi mana. Ko ba komai kin huta da sayen kujeru. In muka je mata wuni mu dawo da garin katako a zani."

Hawaye suka zubo wa Auta. Babu wadda ta miƙa mata ko hankici.

Bari in ɗan tsaya in gaya muku ko wace ce Mami, don wanda bai san ta ba sai ya ɗauka uwa ce kawai mai son 'yarta ta huta. Mami ita ce shugabar kulob ɗin masu aikin sa kai na unguwarsu, shekara shida a jere. Kulob ne na masu hali, likitoci da lauyoyi da manyan 'yan kasuwa da matansu, kowa da ɗan bajo mai ruwan zinare a ƙirji. Ba zan yi musu ƙazafi ba, suna aiki. Sun haƙa rijiyoyin burtsatse, sun raba kekunan guragu, duk shekara suna kawo likitocin ido su cire wa tsofaffi yanar ido kyauta. Duk ƙarshen wata kuma su taru a sha shayi, a ci kek, a yabi juna. Abu ɗaya ne ya gagare su: ko allura ba sa iya bayarwa sai an ɗauki hoto.

Mai ɗaukar hoton kuwa Auta ce. A bakin aikin ta haɗu da kafintan, wata takwas da suka wuce, ranar da ya kawo benci sittin da kulob ya sa shi ya yi wa wata makarantar firamare. Ta ce ya matsa, ya tare mata haske. Ya ce shi kam ba ya raguwa, sai dai ta hau benci. Tun ranar take ce masa Dogo, kuma tun ranar ba ta sake ganin wani namiji da gashi a ka ba.

Wanda Mami take so daban ne. Injiniya, ɗan Uban Ƙungiya na kulob ɗin, mai mota uku da dariyar da ba ta wuce haƙora. Shekara guda yana zarya, Auta ko ruwa ba ta taɓa kai masa da hannunta ba.

"Wallahi Mami ina sonsa," Auta ta ce cikin kuka. "In ba shi ba, ni na haƙura da auren. Ki yafe mini, amma gaskiyar ke nan."

Mami ta ajiye kofin. Ta daɗe tana kallon 'yarta, sannan ta yi wani murmushi da ya sa Gwaggo ta daina dariya.

"To shi ke nan. Asabar mai zuwa walimar shekara ta kulob ɗinmu ce. Ki gayyato shi. Kin ce mahaifiyarsa ta dawo daga wajen 'yarta ko?"

"E, satin da ya wuce. Ni ma ban je na gaishe ta ba tukuna."

"Kada ki je, kya gan ta a can. Su zo tare, in ga irin gidan da za ki shiga. Kuma ki ce masa ina son firam babba, tsayin mutum, akwai hoton da za mu buɗe ranar. Sakatare zai aika masa da awo."

Auta ta rarrafa ta rungume ƙafafun uwarta tana godiya. Mami ta shafa kanta sau biyu, ta ɗauki shayinta ta ci gaba da sha.

* * *

Ranar Laraba aka raba kekunan guragu goma sha biyu a ofishin kulob ɗin. Auta ta je da kyamararta, bakinta ya ƙi rufuwa don murna.

A sito, cikin wata tsohuwar kabad, akwai wani mayafi da kowane ɗan kulob ya sani amma ba a maganarsa a taro. Ruwan toka ne, ya koɗe, gefensa ya zare, ga wata yagewa daidai kafaɗa. Mayafin hoto ake ce masa. Akwai kuma riga irinsa ta maza. Dalilinsu shi ne, talaka in ya ji za a ba shi abu sai ya yi wanka, ya zaƙulo kayansa na fita, ya zo fes da shi yana washe baki. In masu ba da gudummawa suka ga hoton mutum fes, sai hannunsu ya ƙi shiga aljihu. Don haka kafin a danna kyamara sai a shigar da mutum ɗakin ciki, a karɓi nasa a ajiye, a yafa masa na kulob. In an gama a mayar masa da kayansa, a ce Allah ya kiyaye hanya.

Ranar wata dattijuwa ce ta zo da mayafi shuɗi sabo. Sakatare ya ɗauko na kabad ya miƙa wa Auta, ita kuma ta yafa mata, ta gyara yagewar ta fito gaba yadda za a gani.

"Baba, ɗan daina murmushin nan. Yauwa. Kalli ƙasa kaɗan."

Hannunta ya saba, bakinta ya saba. Ta yi wa mutum ya fi ɗari uku haka, ba ta riƙe fuskar ko ɗaya ba. A lokacin ma hankalinta na kan kalar kayan da za ta sa ranar Asabar. Ina son Auta, ina tausayinta, amma ba zan ɓoye muku wannan ba.

* * *

Da yamma ta biya shagon Dogo. Ta same shi ya duƙufa a kan wasu dogayen katakai huɗu, fensir a bayan kunne, gira duk garin katako.

"Ranki ya daɗe, mai ɗaukar hoto," ya ce. "Zo ki ga firam ɗin surukata."

Katako ne mai nauyi, jan ƙasa-ƙasa, wanda ya daɗe yana ɓoyo don gadon aurensu. Ya sassaƙa ganye a kusurwoyi huɗun da hannunsa, kwana uku yana yi.

"Dogo, ai wannan katakon namu ne."

"In mahaifiyarki ta ga aikin ta yarda da ni, ko a tabarma ma kwana. Kuma na ce wa Sakatare kyauta ne. Hoton wa za a sa ne?"

"Ban sani ba, sun ƙi nuna mini. Ina jin na Uban Ƙungiya ne, shi ke son ganin fuskarsa a bango."

Suka yi dariya. Ya goge mata kujera da gefen rigarsa ta zauna.

"Inna fa, ta yarda za ta zo?"

Ya shafa katakon.

"Da ƙyar. Inna ba ta son taron masu kuɗi. Shekara uku da suka wuce, ina can wani gari wajen koyon aiki, yanar ido ta rufe mata gani gaba ɗaya. Wata maƙwabciya ta kai ta inda ake aikin ido kyauta. Ta warke sarai, har ta koma kan keken ɗinkinta. Amma ko sunan wurin ba ta taɓa gaya mini ba. In na tambaya sai ta ce ta samu ido, ta baro wani abu a can."

"Allah sarki," in ji Auta. "Wasu wuraren ba su iya karɓar mutane ba."

"Na ce mata saboda ke ne. Ta ce in dai don yarinyar da ta sa ka fara taje kai ce, za ta je. Tun jiya take guga."

Auta ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya. Ya tsaya yana kallonta, so ya cika masa ƙirji.

"Auta, ina jin tsoro fa," ya ce daga baya. "Abin ya zo da sauƙi da yawa."

"Mami uwa ce. Ta ga kukana ne."

* * *

Asabar da azahar zauren otal ɗin ya cika. Tebura masu farin ƙyalle, furannin roba, mata sai ƙamshi, maza sai gaisawa suke suna duba bajon juna. A kan dandamali an jingine firam ɗin Dogo, an lulluɓe shi da jan yadi.

Tun daga ƙofa Auta ta hango su. Dogo cikin fararen kaya da ta san sababbi ne, gefensa wata dattijuwa siririya, tsaf da ita, mayafinta fari mai ɗinkin hannu a baki, tana tafiya kai a sama. Auta ta nufe su da sauri, sai Gwaggo ta cafke mata hannu.

"Ina za ki? Uwarki ta ce ki tsaya gaban dandamali da kyamara, kada ki motsa. Gaisuwa sai an tashi."

Aka zaunar da su a tebur na gaba, kusa da na Uban Ƙungiya. Auta ta ɗauka karramawa ce, har ta ɗaga wa Dogo hannu daga nesa.

Aka ci, aka sha. Aka karanto rijiyoyi, aka tafa. Aka karanto kekuna, aka tafa. Aka ba wata Hajiya kyautar wadda ta fi kowa zuwa shan shayin wata-wata, ita ma aka tafa mata. Sannan Injiniya ya hau dandamali ya karɓi makirfo.

"Jama'a, bana aikin idonmu ya cika shekara goma. Mun zaɓi hoto ɗaya daga cikin dubbai, wanda zai zauna a bangon ofishinmu. Ni na kai aka faɗaɗa shi. Firam ɗin kuwa wani bawan Allah ne ya yi mana kyauta. Malam Kafinta, taso mana. Hannun da ya yi aiki shi ya kamata ya buɗe."

Dogo ya miƙe yana jin kunya, ya hau. Ya dubi Mami ya ɗan rusuna, ta gyaɗa masa kai. Auta ta ɗaga kyamara, zuciyarta fal alfahari.

Ya kama gefen jan yadin ya ja.

Wata tsohuwa ce a hoton, tsayin mutum. Idanunta fari fat da yana, fuskarta a jiƙe da hawaye, an yafa mata mayafi ruwan toka mai yagewa a kafaɗa. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: BA TA DA KOWA SAI MU.

Zauren ya ɗauki tafi. Wata mata ta ce wayyo, ta ciro hankici.

Dogo ya yi mutuwar tsaye, yadin na hannunsa. Bakinsa ya motsa, kalma ɗaya ce ta fito, makirfo ya ɗauke ta ya watsa ko'ina.

"Inna."

Kyamarar ta kusa suɓuce wa Auta. Ba fuskar ta gane ba. Hasken ta gane, da labulen ɗakin ciki, da yadda aka jawo yagewar gaba. Hutun makaranta ne, shekara uku da suka wuce, ranar farko da Mami ta ɗora mata kyamara a hannu. Har yabonta aka yi a kan hoton nan.

Mami ta miƙe, ta karɓi makirfo, muryarta kamar zuma.

"Ikon Allah. Ashe baiwar Allahn tana tare da mu. Baba, taso mana jama'a su gan ki. Zo ki gaya musu abin da kulob ya yi miki."

Duk wuyoyi suka juya. Inna ta miƙe a hankali, ta gyara mayafinta, ta taka zuwa dandamali ba ta riƙe kowa ba. Ta tsaya gaban hoton ta daɗe tana kallonsa, sannan ta karɓi makirfon.

"Kun buɗe mini ido, Allah ya saka muku. Ga shi kuwa yau ina gani da shi." Ta nuna hoton. "Sai dai mayafin nan ba nawa ba ne. Shekara talatin ina ɗinki, ban taɓa fita da yagaggen abu ba. Kuma ina da kowa. Ga ɗana nan, shi ya yi muku katakon."

Wani daga baya ya yi 'yar dariya ya mayar da ita tari.

Injiniya ya dafa kafaɗar Dogo.

"Ashe 'yan gida ne ku tun tuni, Malam Kafinta. In akwai sauran masu buƙata a danginku, kada ka ji kunya, ka ba Sakatare sunayensu. Akwai ma abincin da ya ragu, za a ƙulla muku."

Dogo ya dubi hannun da ke kafaɗarsa har sai da Injiniya ya janye shi. Ya ninke jan yadin sau huɗu, ya ajiye a ƙasa, ya kama hannun mahaifiyarsa suka ratsa tsakiyar teburan suka fita. Kafin su kai ƙofa an kunna kiɗa.

* * *

A barandar bayan zaure Auta ta tare Mami.

"Kin sani. Tun ranar da kika ce su zo kin sani."

"Na sani mana," Mami ta ce tana gyara bajonta. "Duk wanda muka taimaka yana da fayil, da adireshi, da sunan ɗa. Minti biyar Sakatare ya yi ya zaro shi."

"Me suka yi miki, Mami? Matar nan me ta yi miki? Kin sa shi ya sassaƙa wa wulaƙancin uwarsa firam da hannunsa. Ba ki ji tsoron Allah ba?"

"Ki iya bakinki. Nuna miki na yi, tunda faɗa ya ƙi shiga kunnenki. Akwai masu bayarwa, akwai masu karɓa. Ke daga wancan gefen kyamara aka haife ki, su daga ɗaya gefen. Yau kowa ya gani, babu mai zuwa bikin nan ko an yi."

"To ni zan je. Yanzu ma gidansu za ni, in durƙusa in ba su haƙurin abin da kika yi."

Mami ta yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Abin da na yi? Ni ko inda ake dannawa a kyamara ban sani ba, Auta. Je ki. In kin durƙusa, ki gaya musu wanda ya ɗauka."

Ta juya ta koma ciki, don lokacin yanka kek ya yi.

* * *

Rana ta yi sanyi lokacin da Auta ta isa gidan. Ƙaramin gida ne, tsakar gida a share, tukwanen fure na gwangwani a jere jikin bango. Dogo na zaune a dakalin ƙofa, har yanzu da fararen kayan.

Tana ganinsa ta fashe da kuka, ta zube a gabansa.

"Ka yafe mini, Dogo. Wallahi ban san hoton da za su sa ba. Da na sani da na ƙona zauren."

"Tashi," ya ce, muryarsa a dishe. "Tashi, mutane na wucewa. Na san ba ki sani ba, na ga fuskarki."

"Ka tsane ni ko?"

"Da zan iya da na huta. Tun da muka dawo nake zaune nan ina lissafi. Na ce Auta ce mai ɗaukar hotonsu, gabana ya faɗi. Sai na tuna shekara uku da suka wuce kina makaranta, ba ki fara ba. Wallahi sai da na yi hamdala. Kina makaranta ai, ko?"

Ga ƙofa an buɗe mata ta faɗi gaskiya. Ta dubi idanunsa da suka yi ja, ta ga yadda yake roƙonta da su, sai tsoron rasa shi ya fi ƙarfinta.

Ta gyaɗa kai.

Ya sauke numfashi.

"To ba ruwanmu da su. Na gaya wa Inna ke daban ce. Ta ce laifin uwa ba ya hawa kan 'ya, in kin zo in shigo da ke. Share fuskarki."

Inna na zaune a ɗakinta gefen keken ɗinki, farin mayafin a ninke a kan gado. Da ta ga Auta sai fuskarta ta saki.

"Shigo 'yata, shigo. Ke ce mai kyamarar nan ta gaban dandamali. Na ga yadda kika yi da aka buɗe abin, na ce yarinyar nan tana da zuciya. Zauna nan kusa da ni."

Auta ta durƙusa a gabanta.

"Inna, ina wuni. Don Allah ki yi haƙuri da abin da ya faru, ki ɗan daina tunaninsa..."

Hannun da Inna ta miƙo don ta dafa ta ya tsaya a hanya.

"Sake magana."

"Na'am, Inna?"

Inna ta rufe idanunta duka biyu.

"Yi magana in ji. Ce, Baba."

Auta ta sunkuyar da kai. Dogo na tsaye a bakin ƙofa yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, lafiya?"

"Shekara biyu na yi ba na gani," Inna ta ce, idonta a rufe. "Wanda ba ya gani, murya ce fuskar mutane a wurinsa. Ba na mantawa da murya." Ta buɗe ido ta sauke su a kan Auta. "Ranar na sa mayafin da mahaifinsa ya saya mini, na ƙarshe kafin ya rasu. Aka ja ni wani ɗaki. Wata yarinya ta zare shi daga kaina, ta ce wannan ya yi kyau da yawa. Ta yafa mini wani mai warin kabad."

"Inna..." Auta ta fara.

"Ban gama ba. Ina ta murmushi, don an ce idona zai buɗe, in sake ganin ɗana. Ta ce, Baba, ɗan daina murmushin nan. Na kasa dainawa, murna ta yi mini yawa. Sai ta ce, ki tuna wani abin baƙin ciki mana, babu wanda ya taɓa mutu miki? Na tuna safiyar da aka fita da mahaifinsa. Hawaye suka zo. Na ji abin ya yi ƙara sau uku. Ta ce, yauwa, haka ya yi kyau."



"Inna, tana makaranta lokacin," Dogo ya ce. "Yanzu na tambaye ta. Auta, gaya mata. Gaya mata kina makaranta."

Auta ta buɗe baki, kuka ne ya fito.

"Hutu muka yi," ta ce da ƙyar. "Ranar ce ta farko. Haka aka koya mini, Dogo, kowa haka yake yi, ban san Innarka ba ce..."

"Da ba tawa ba ce fa?" ya tambaya a hankali. "Larabar nan da kika zo shagona kina dariya, uwar wa kika yafa wa?"

Ta kama ƙafar Inna da hannu biyu, tana kuka kamar ranta zai fita.

"Ki yafe mini, Inna. Ki dake ni, ki zage ni, amma kada ki raba ni da shi. Na bar gidanmu saboda shi, ba ni da kowa yanzu sai ku."

"Ba ki da kowa sai mu," Inna ta maimaita. "Na ga an rubuta irin wannan yau."

Ta janye ƙafarta a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɗaure fuska ba.

"Uwarki ta ci mutuncina sau ɗaya, a gaban mutanen da ban sani ba, gobe na manta da su. Ke kuwa a gidana za ki zauna. Kullum da safe da muryar nan za ki gaishe ni. Ba zan iya ba, yarinya. Shi namiji ne, ban ɗaure masa ƙafa ba. In ya zaɓe ki, in koma wajen 'yata."

Auta ta juya ta dubi Dogo. Yana sonta, wannan ko makaho ya shigo ɗakin zai ji. Ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi farin mayafin da ke kan gado. Sai ya matsa gefe daga bakin ƙofa, ya ɗaga labulen ya riƙe.

Ta miƙe, hawaye har wuyan rigarta. Ta kai gefen mayafinta fuska za ta share.

"Tsaya," in ji Inna. "Kada ki share. Ɗago in gan ki."

Auta ta ɗago. Inna ta ƙare mata kallo da idanun da kulob ya buɗe mata, tun daga goshi har haɓa, ba ta yi gaggawa ba.

"Yauwa," ta ce. "Haka ya yi kyau."

Ta jawo keken ɗinkinta ta sa zare a allura tashi ɗaya. Dogo bai saki labulen ba sai da Auta ta fita.